Sigarin da Iska Ta Dawo da Shi

Sa'id ya fara shan sigari tun gemunsa bai gama fitowa ba, yau ga shi furfura ta ci rabin gemun, amma mahaifiyarsa Hajiya Azumi ba ta taɓa ganin kara a tsakanin yatsunsa ba. Ba wai abin ɓoyayye ba ne. Matarsa Nadiya ta sani, ƙanwarsa Raliya ta sani, ma'aikatan da yake shugabanta a filin jirgin sama na Madina, masu sauke kayan baƙin Umra da na Hajji, duk sun san shi da dafa aljihun ƙirji da zarar jirgi ya ɗaga. Mutum ɗaya ce tak a duniya ba a yarda ta gani ba, ita ce kuma ke zaune a hawan da ke ƙarƙashin nasa.

Gidan na marigayi Malam Badaru ne, mahaifinsa, a unguwar Sih. Ƙasa 'yan haya ne, Hajiya tana hawa na ɗaya, Sa'id da iyalinsa suna na biyu. Barandunsu ɗaya kan ɗaya suke, suna kallon lungun baya, ta saman kuwa nan ce fadar Sa'id. Ya ajiye kujerar roba da gwangwanin madara mai ɗan yashi a ciki don toka, domin shi a ganinsa mutum ne mai tsari. Bai taɓa yar da guntun sigari a titi ba, kuma yana faɗin haka da alfahari sai ka ce wanda ya gina masallaci. In ya gama sai ya kuskure baki, ya tauna 'ya'yan hel masu ƙamshi irin na gahawa, ya goga turare a gemu, ya zare kwalin daga aljihu ya ɗora a kan firij, sannan ya sauka gaida Inna.

Ita ma Hajiya da nata kawaicin. Sa'id ɗan farinta ne, ita kuwa mutuniyar da ce, irin waɗanda bakinsu ba ya iya kiran sunan ɗan fari, kuma duk daɗewarta a Madina bai canza wannan ba. "Wancan na sama" take ce masa. In magana ta kama dole, sai ta kalli bango ko carbinta ta faɗa, shi kuma ya amsa kansa a ƙasa. Jikokinta, masu jin Hausa su amsa da Larabci, suna yi mata dariya, ba ta ko kula su. Sa'id yana jin daɗin wannan zama ƙwarai, don ya ɗauka a idonta har yau shi ne yaron nan mai tsabta da ya sauke Alƙur'ani a masallacin Harami. Duk abin da zai rasa a duniya, wannan ne ba ya so ya rasa.

Wata Juma'a a watan Rajab, Lurwanu ƙanin Nadiya ya zo hutu. A jirgin ruwa yake aiki, irin manyan nan masu ɗaukar 'yan yawon shaƙatawa, kowane ɗaki da barandarsa tana kallon teku. Bayan an sauko daga masallaci aka haɗu a falon Hajiya kan tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da alhazai ke riƙo mata duk shekara. Lurwanu kuwa loma ba ta wuce masa sai da labari.

"Wallahi bana mushkilarmu ɗaya ce a jirgi," in ji shi. "Dukhan. Ya'ani, fasinja ya sha sigari a balakona, barandar ɗakinsa, ko kada ya sha. Kyaftin yana so a hana, masu jirgin suna tsoron mutane su koma wani kamfani. Kullum ana ta ja."

"To a hana don me?" in ji Sa'id. Da ya yi shiru da ya fi masa, amma an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. "An hana a wurin cin abinci, tayyib, mun yarda. An hana a cikin ɗaki, tayyib. Amma balakona ai waje ce, ga teku ga sama. Wa ya cuta? Mutum ya kama ɗakinsa, ya rufe ƙofarsa, ya fita iskar Allah, can ma a bi shi?"

"Yaya Sa'id, ba ka san iskar teku ba ne. Ka jefa abu gaba, sai ta cafe ta zaga da shi ta kai balakonar wanda ke ƙasa da kai. Ni da hannuna na ɗauke tawul ɗin wata tsohuwa wuta ta ci rabinsa, tana ciki tana barcin rana, ita ko shayi mai ƙarfi ba ta sha."

"Wannan laifin wawan da ya jefa ne. Mai hankali yana da abin zuba toka a gefensa." Sai ya tuna a falon wa yake zaune, ya gyara murya. "Ni dai a kan haƙƙin mutane nake magana, ba wani abu ba."

Nadiya ta sunkuyar da kai tana danne dariya da gefen mayafi. Hajiya tana can gefe a kan dardumarta, kowa ya ɗauka hankalinta yana kan carbi, sai ta ɗago ta dubi Lurwanu.

"Ɗan nan, ita tsohuwar ta ƙasa, da ake ta jan, an tambaye ta?"

"Ba a tambaye ta ba, Hajiya."

"To," in ji ta. "Mu namu jirgin ma ba baranda, a kan buhuna muka kwana." Ta ci gaba da jan carbinta.

Wancan jirgin da ta ambata kowa a gidan ya san labarinsa. Ita da Malam Badaru sun baro ƙasar Hausa suna sababbin aure, suka yi shekaru a hanya, suna tsayawa tsinkar auduga a Sudan suna ƙara gaba. Kafin su hau jirgin da zai tsallakar da su Jidda, Malam ya sayi bandir ɗin farin yadi a Bur Sudan, saboda a lokacin mutuwa a hanya ba labari ba ce, ya auna da kamun hannunsa ya raba biyu. Allah bai karɓi ransu a hanya ba. Rabin Malam ya daɗe da bin sa maƙabartar Baƙi'a, rabin Hajiya kuwa yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, an yayyanka shi yadda ake yi wa likkafanin mace. Duk shekara a Sha'aban, kafin azumi ya kama, takan fito da shi ta jiƙa da ruwan Zamzam, ta shanya a barandarta, ta turara, ta ninke ta mayar. Ran nan Nadiya kan ce wa mijinta, "Yau Inna tana shanya," shi kuma ya san abin da ake nufi, sai ya tafi da kwalinsa cikin mota.

A wannan shekarar Nadiya ba ta samu faɗa masa ba. Da sassafe ya fita, ana sa ran sai la'asar zai dawo, sai jirgin da suke jira ya yi jinkiri aka sallame su da hantsi. Ya shigo tana kicin, bai ko leƙa ta ba, ya zarce fadarsa ya zauna ya kunna. Bai duba ƙasa ba, don bai saba dubawa ba.

Ya ci rabin karan ke nan sai ya ji sallama a falo, muryar Inna, dab da labulen baranda. Hajiya da gwiwa ta hana hawa bene wata da watanni, yau ta lallaɓo da kanta neman gawayin kunna turare. Gwangwanin yashi yana nan gefen ƙafarsa, in ya sunkuya kawai ya isa. Amma hannun da ya yi shekara da shekaru yana ɓuya bai tsaya neman shawarar kai ba. Kafin ya ankara ya wurga sigarin ta saman ƙarfen baranda, yana kaɗa hayaƙin da ɗaya hannun.

Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa bango, ta zauna tana mayar da numfashi tana murza gwiwa. Nadiya ta kawo mata ruwa, ta tafi ɗebo gawayi. Sa'id yana nan tsaye yana magana da gefen baki don kada numfashinsa ya kai gare ta, a ransa yana gode wa Allah da ya rufa masa asiri. Can sai Nadiya ta tsaya da gawayi a hannu ta shinshina.

"Kamar ƙauri nake ji. Ba daga kicin ba ne." Sai ta dubi mijinta, idonta ya canza. "Inna fa tana shanya."

Bai san lokacin da ya sauka matakalar ba. Ƙofar Hajiya a buɗe take, ya ratsa falon ya faɗa baranda. Ranar Madina ta riga ta busar da yadin, guntun sigarin kuwa ya maƙale a ninkin babban ƙyallen, wanda ake naɗe gawa da shi daga waje. Ba harshen wuta, ja ne kawai yake zagaye yana ci a hankali. Ya damƙe wurin da tafukansa biyu, ya ɗauki kwanon da ke ƙasa mai sauran Zamzam ya kwara. Da hayaƙin ya lafa sai ga rami kamar faɗin tafin hannu, gefensa baƙi, ana hango lungun baya ta ciki. Ya tsaya yana kallo. Tun da ya binne mahaifinsa bai ji irin wannan baƙin ciki ba, ga kunya a kai.

Ya ji takunsu a matakala, Nadiya tana riƙe da ita. Maimakon ya tsaya, sai ya tsince guntun ya jefa a aljihun ƙirji, ya juya ƙyallen ya ɓoye ƙunar a bayan wani ƙyallen, ya tarye su a bakin ƙofa.

"Ba komai, Inna. Wasu ne ke ƙona shara a lungu."

Hajiya ta wuce shi ta shiga ɗakinta.

Daga nan kasuwa ya nufa. Ya shiga wannan shago ya fita ya shiga wancan, yana murza farin yadi a tsakanin yatsun da suka fara ɗurar ruwa saboda ƙuna. Yadi ga shi nan jibge, amma duk fari ne fat mai santsi, na Inna kuwa ya yi kaushi, tsufa da Zamzam da turare sun mayar da shi launin madara. Ya dai sayi wanda ya fi kusa, ya kawo wa Nadiya a leda, ya ce ta jiƙa shi da ɗan ruwan shayi ta turara, in Inna ta shiga salla a musanya.

"Ni?" in ji Nadiya. "Shekara nawa ina ɓoye maka kwali, ina ce wa yara turaren sauro ne. Wannan na yi. Amma in naɗe wa Inna ƙarya ta tafi da ita kabari, khalas, an gama, ba da ni ba. Sauka ka same ta."

Bayan la'asar ya sauka da ledarsa. A karon farko bai tauna hel ba, bai goga turare ba, don ma bai tuna ba. Ya iske ta a falo, an kwashe shanyar an ninke, in ban da babban ƙyallen da ke shimfiɗe a cinyarta, ramin yana sama. Ta sa tabarau, ga almakashi da allura da farin zare a gefenta. Ya durƙusa nesa kaɗan ya tura ledar gabanta.

"Inna, na kawo wani."

"A mayar wa mai shago da kayansa," ta gaya wa bango. "Wannan Malam ne ya auna shi."

"Inna, ba shara ba ce. Ni ne. Ni na..." Kalmar ta ƙi fita. Mutumin da yake tsawata wa ƙarti a filin jirgi su shiga taitayinsu, ya kasa faɗin sunan abin da yake sha a gaban tsohuwar da ba ta kai kafaɗarsa ba.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ina wankin rigunan makaranta. In na juya aljihu sai na kaɗe garin taba kafin in sa a ruwa."

Ya tuna hel ɗin da ya tauna a rayuwarsa, wanda in an tara zai cika buhu.

"Malam ya so ya yi magana," in ji ta. "Na ce a bari, muddin ana jin kunyar a sha a gabanmu, to da sauran alheri. Ban san kunyar ce za ta ƙona mini kaya ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin tsadar tumatir. Ta ɗauki almakashi. "A matso."

Ya matso a kan gwiwoyinsa bai san me za a yi ba. Ta kama aljihun farar jallabiyarsa ta sa bakin almakashi tana tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Rabon da hannunta ya taɓa shi tun yana yaro ana yi masa wanka, yanzu ga shi yana jin yatsunta a ƙirjinsa, yana jin ƙamshin turaren da ke jikin mayafinta. Da aljihun ya rabu da rigar sai guntun sigarin ya faɗo kan darduma a tsakaninsu. Ta sa bayan hannu ta ture shi gefe ba ta ko kalla ba. Ta yanke baƙin gefen ramin, ta shimfiɗa ƙyallen aljihun a kai, ya rufe har da saura. Ta miƙo masa allura da zare, don idonta ba ya ganin kafar, ya zura mata da ƙyar hawaye yana hana shi gani shi ma.

Tana ɗinki tana magana da allurar. "Yadin Malam, da na ɗansa. Ya wadatar. Kada in ji an canza mini."

Da labarin wa'azi ne, da sai a ce daga ranar Sa'id bai ƙara sa sigari a baki ba. Ba haka aka yi ba. Ya bari da azumi, ya koma bayan Salla, ya sake bari, ya sake komawa, kamar yadda masu abin suka saba. Amma kujerar roba da gwangwanin yashi sun bar baranda tun a yammacin nan, Nadiya ta samu wurin ajiye tukwanen na'a-na'a. Da Lurwanu ya sake zuwa hutu ya ce har yanzu ana ta ja a jirginsu, ya juyo yana jiran Yaya Sa'id ya taso da haƙƙin mutane, sai Sa'id ya ce a miƙo masa miya.

Hajiya Azumi ta ƙara ganin azumi biyu, sannan ta rasu wata safiya bayan gajeriyar jinya. Gida ya cika. Maza suna zaune a falon ƙasa da 'yan haya suka buɗe, dattawan unguwa da abokan Malam Badaru da suka rage da abokan aikin Sa'id, mata kuwa suna sama wurin wanka. Can sai Raliya ta sauko ta tsaya a bakin ƙofa, idonta jawur, ta yafito yayanta. Babban ƙyallen yana ninke a hannunta. Ita ba a gidan take aure ba, ba ta san komai ba.

"Yaya, duba wannan. Faci ne a jiki, ga alamar ƙuna. Masu wanka sun ce ba daɗin gani, suna da sabo a jakarsu. Nadiya ta ce kai za a tambaya."

Ta yi ƙasa da murya, amma falon shiru yake, kowa yana ji. Sa'id ya dubi facin. Fari ne fat a tsakiyar tsohon yadi, da manyan ɗinkin tsohuwa da ba su miƙe ba. Gyaɗa kai kawai zai yi a kawo sabo, wannan ya koma akwati, ba wanda zai sake tambaya har abada, ita kuma ba ta nan balle ta ji.

"A sa mata shi," ya ce. "Ita ta ɗinka, ta ce kada a canza."

"To me ya ƙona shi haka?"

"Sigarina," in ji shi, bai rage murya ba. "Daga sama na jefo."

Wani dattijo ya yi gyaran murya, wani ya ce Allah ya jiƙanta, Raliya ta dube shi ta juya ta hau da ƙyallen.

Bayan azahar aka yi mata salla a Harami, aka fita da ita Baƙi'a cikin zafin rana. Aka riƙe mayafi a saman kabarin kamar yadda ake yi wa mata, Sa'id ya cire takalmi ya shiga ya karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya kwantar da ita a gefen dama, ya sa hannu ta bayan kafaɗarta don ya daidaita fuskarta da alƙibla, sai yatsunsa suka faɗa kan wurin da yadin ya canza, santsin jallabiyarsa a tsakiyar kaushin na Malam, ɗinkin yana bin gefe a karkace. Ya shimfiɗa tafinsa a kai, ya rufe shi daidai.

Daga sama wani ya ce, "Yalla ya Sa'id, yi sauri, mutane suna rana."

Ya ce yana zuwa, amma bai ɗauke hannun ba tukuna.